Ritaya Kafin Furfura

Wani sabon zance ya shigo Tudun Wada a 'yan shekarun nan, wanda duk mai zama kusa da teburan masu shayi na bakin Kongo, ko rumfunan masu cajin waya na Agoro, ba zai rasa jinsa ba, shi ne na samarin da gemunsu bai gama cika ba suna lissafin ranar da za su ajiye aiki su huta, wannan ya ce yana cika arba'in ya gama, wancan ya ce shi ba zai kai haka ba ma. Sun samo wata ƙa'ida daga Amurka, mai cewa idan mutum ya tara ninki 25 na abin da yake kashewa a shekara, ya zuba shi a hannun jari, yana zarar kashi 4 cikin ɗari duk shekara, to ya rabu da ubangida har abada. Ban ƙi niyyar ba, domin yaron da ya fara tadbirin tsufansa tun da sauran ƙarfi ya fi wanda albashinsa ke ƙarewa ran goma ga wata. Abin da ya hana ni yin shiru shi ne, an auna wannan ƙa'ida da kuɗin ƙasar da tsadar kaya ke hawa da kashi 2 ko 3 a galibin shekaru, alhali kuwa mu a ƙarshen 2024 hukuma da bakinta ta ce tamu ta haura kashi 34.

Mu da muka yi aikin gwamnati zamanin Gawon mun ga ritaya kafin furfura da idanunmu, sai dai ba roƙonta aka yi ba. A farkon 1975 aka biya ariyas ɗin ƙarin albashin Udoji, kuɗin da yawancinmu ba mu taɓa riƙe irinsa a dunƙule ba, sai unguwa ta cika da ƙarar Vespa da Honda da rediyo mai kaset, aka yi ta ɗaura aure na biyu da na uku, 'yan kasuwa kuwa, da yake su ma suna da kunnuwa, suka ɗaga farashin kome tun kafin kuɗin ya huce a aljihu. Ba a rufa shekara ba Janar Murtala ya hau mulki a watan Yuli, ya shiga sharar ma'aikata, har aka sallami fiye da mutum 10,000, da dama daga cikinsu a rediyo suka tsinci sunayensu suna tsakiyar karin kumallo.

A layinmu mutum biyu abin ya shafa. Ɗaya babban akawu ne, ma'abocin farar riga mai guga da alƙalami uku a aljihu, mutumin da ko maƙiyinsa ba zai tuhume shi da israfi ba, domin ko keke bai saya da Udojinsa ba. Ya haɗa shi da garatuti ya kai banki, ya dawo da littafin ajiya, ya naɗe a leda, ya sa ƙarƙashin buzun sallarsa, yakan buɗe mini shi in ga jerin hatimai da shuɗin tawada, yana murmushin wanda ya gama da duniya. Ɗayan kuwa masinjan ofis ne wanda ko sunansa da boko bai iya rubutawa sosai ba, ya sayi wani kangon fili can bayan Gyallesu inda a lokacin sai dawa da kukan kwaɗi, ya kafa injin niƙa a zaurensa, mutane suna yi masa dariya wai ya kai kuɗinsa daji. Da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tattalin arziki na SAP a 1986 aka karya darajar naira, aka yi ta karya ta shekara bayan shekara, kuɗin nan na akawu, wanda da farko zai sayi gida sukutum, da ya je ya kwaso shi bai isa kayan ɗakin 'yarsa ta fari ba. Allah Ya jiƙansa, ya rasu yana karɓar bashin gari a wurin masinjan.

Ibrar da ke cikin wannan ita ce na fi so samari su riƙe: tara naira daban, ajiye dukiya daban. A 1981 mafi ƙarancin albashi naira 125 ne, kuma ya kai kimanin dala 200, domin a lokacin naira ta fi dala. A 2024 aka mai da shi naira 70,000, wadda a lokacin ba ta kai dala 50 ba. Duk wanda ya yi karatun tafsiri ya san cewa shawarar da Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ba mutanen Masar ba ta tsaya ga tara abincin shekarun yalwa ba, har da barin hatsin a zangarniyarsa don ya jure daɗewa; naira kuwa sussukakken hatsi ce, ƙwari ke fara cinta tun daren da aka zuba ta a rumbu.

Wanda kuma ya ce to shi a gida zai ɓoye, sai in tuna masa da Afrilun 1984, lokacin da gwamnatin Buhari ta sauya launin takardun kuɗi, ta rufe iyakoki, ta ba da wa'adin da bai kai mako biyu ba. Na ga wani tsohon dillalin goro a bakin banki da gwangwanin madara uku da ya tono daga ƙarƙashin gado, takardun sun manne da juna saboda laima, yana ɓanɓarar su ɗaya-ɗaya da farce, rana na dukansa, layi bai ko motsa ba. Muka ce an ɗauki darasi, sai ga shi a farkon 2023 an maimaita, mai kuɗi da kuɗinsa yana kwana a gindin na'urar cire kuɗi. Bankin ma da ake gudu zuwa gare shi, a Janairun 1998 an rufe guda 26 a tashi ɗaya.

Kada dai a ɗauka ina cewa fili shi ne Aljannar duniya. Na san filin da aka sayar wa mutum uku, kowa da takardarsa da shaidunsa, suka ƙare ƙuruciyarsu a kotu. Na san wanda ya gina ɗakunan haya ya dogara kacokan ga ma'aikatan asibitin koyarwa, da asibitin ya koma Shika a 2005 sai ya wayi gari da ɗakuna a kulle. Kiwo, wanda shi ne bankin kakanninmu, a ba Bafulatani saniya a dawo a tarar da garke, yau tambayi waɗanda suka kai nasu wajen Giwa da Birnin Gwari abin da ɓarayin daji suka bar musu. Dukiyar takarda da nake ta zargi kuwa, gaskiya ta fi kwabo, ba duka ce ta ci amana ba: waɗanda suka sayi hannun jarin manyan kamfanoni sa'ad da dokokin 1972 da 1977 suka tilasta wa Turawa sayar wa 'yan ƙasa, suka manta da shi a akwati, wasunsu har 'ya'yansu sun ci riba. Waɗanda suka ruga a guje bayan haɗe bankuna na 2005, suna cin bashi su sayi hannun jarin banki don sun ga maƙwabci ya saya, su ne 2008 ta durƙusar.

Amma duk waɗannan asarori ne na mutanen da suka sayi wani abu da ake iya nunawa da yatsa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yaron da zai wuni yana dangwalar fuskar waya wai yana haƙo kuɗi, ko ya sayar da babur ɗin da yake ci da shi ya tura wa mutanen da bai san fuskarsu ba saboda sun yi masa alkawarin ninki cikin wata guda. An yi MMM ta kife a Disambar 2016, aka yi kuka aka share hawaye, sannan a 2025 aka sake yin layi aka faɗa CBEX. Malamanmu na fiƙihu tun a zaure sun karantar da mu cewa cinikin garari, wato na rashin tabbas, ɓatacce ne, sun kuma shimfiɗa mana babin ƙiradi, inda mai dukiya ke ba mai sana'a jari a raba riba bisa rabon da aka ambata, asara kuwa ta hau dukiyar. Wanda duk ya ce maka riba tabbas, asara babu, ko dai kuɗin ruwa yake nufi ko kuɗin wani wawan zai ba ka. Shari'a ma ba ta son dukiya ta kwanta, tun da zakka na cire rubu'in ushuri duk shekara daga abin da ya kai nisabi, shi ya sa aka ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya yi umurni da a juya dukiyar marayu. Ga sukuk, takardun jari marasa kuɗin ruwa, da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 ana gina hanyoyi da kuɗinsa, ga asusun fansho da dokar 2014 ta ɗora wa ma'aikaci kashi 8, ubangidansa kashi 10. A yi su, amma a sani dukansu da naira ake lissafa su, kuma dokar ba ta sakar wa wanda bai kai 50 ba sai rubu'in abin da ya tara, shi ma sai ya yi wata huɗu ba aiki.

Akwai kuma abin da lissafin Amurka bai sani ba, ko da naira za ta tsaya cik. Mai waccan ƙa'ida kansa da matarsa yake ƙirgawa, wataƙila da kare. Bahaushe ɗan arba'in kuwa a lokacin ne hidima ke buɗe masa baki: ga iyaye sun tsufa, ga ƙanne a makaranta, ga marayun yayansa an kawo masa, ga gwaggo an kwantar a Shika ana neman jini da kuɗin aiki kafin Azahar. Na ji wani daga cikin samarin nan yana cewa sirrin tara jari shi ne mutum ya koyi cewa babu. To ya ce. Ni dai na ga waɗanda suka yanke zumunta don gina asusu, ranar da ciwo ya kayar da su ba a sami mai juya su a shimfiɗa ba sai da lada. Masinjan nan da na ambata rabin abin da injinsa ya niƙa a cikin dangi ya tafi, har nakan yi masa faɗa a kan haka, kuma bai ajiye aiki ko kwana ɗaya ba. Da ƙarfinsa ya gaza, ɗan ƙanwarsa da ya riƙa tun yana jariri shi ya karɓi injin, ya ƙara na markaɗe, ya ci gaba da ciyar da gidan har aka aurar da autar.