Zuwa ga Ɗiyata a Tasawa, a kan Kalmomin Jirgin Ƙasa

Korgom, ranar Lahadi

Ɗiyata,

Ina fata kina lafiya, ke da mutanen gidan da kike zaune. Ya karatu, ya zafin Tasawa? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Inna, kakarki, tana fama da ƙafar nan tata, amma tana cin tuwonta, kuma kullum sai ta tambayi yaushe za a ba ku hutu.

Mahaifiyarki ta kunna mini saƙon muryar da kika turo. Na ji kina cewa mushenku, wato malaminku na Faransanci, ya ba ku jerin kalmomi a kan jirgin ƙasa, ku haddace, ku gina jimla da kowace ɗaya, kuma abin ya gundure ki. Ke da ba ki taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a waya, me ya haɗa ki da gare da quai da wagon da cheminot? Ki haddace da dare, gari na wayewa sun gudu. Ban ga laifinki ba, domin kalmar da ba ta sami abin kamawa a zuciya ba, ba ta kwana. Amma batun cewa babu abin da ya haɗa mu da jirgin ƙasa, nan kam sai na yi miki gardama, shi ya sa na ɗauki alƙalami ban tsaya ga waya ba.

Gaskiya ne dogo bai taɓa ratsa ƙasar Tasawa ba. Sai dai gyaɗar gonakinmu ta yi shekara da shekaru tana hawa jirgi, kuma kakanki, Allah Ya jiƙansa, a gefen dogo ya zubar da gumin ƙuruciyarsa.

Bari in ɗauko miki daga tushe. A 1911 layin dogo ya iso Kano daga Baro, wani gari a bakin kogin Kwara, shekara ta zagayo aka haɗa shi da layin Ikko, tafiyar da ta haura kilomita 1,100. Da fari a Jebba sai an ƙetarar da taragu ta kan ruwa, har aka gama gada a 1916. Turawan Ingila auduga suka sa a rai, don masaƙunsu. Manoman ƙasar Kano suka duba kuɗin da ake biya, suka duba wahalar kowanne, suka zaɓi gyaɗa: ta fi tsada a lokacin, tana zama lafiya da gero a gona ɗaya, in kasuwa ta ƙi kuma a ci abinta a gida. A Turai ana neman man gyaɗa ruwa a jallo don yin sabulu da man shafa wa burodi. Tun kakar farko buhuna suka fi ƙarfin tasha. Fatake da suka saba da hanyar goro suka juya suka zama masu sayen gyaɗa, babbansu Alhassan Ɗantata, wanda ya fara da fataucin Gwanja, ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Daga baya aka ja dogon zuwa Ƙaura Namoda a 1929, da Nguru a 1930. Ki buɗe taswira ki duba waɗannan wurare uku, Ƙaura da Kano da Nguru: duk kudu da mu suke, kuma duk abin da arewa ta noma suke jira.

Mu kuwa muna hannun Faransa. Iyakar da aka kafa wa alamu tsakanin 1906 da 1908 ba ta hana jaki da raƙumi wucewa ba, ba ta kuma matso mana da teku kusa ba. Haraji kuɗi ake biya, kuɗi kuma a jikin gyaɗa yake. Hatta kamfanonin Faransawa da suka buɗe kantuna a Maraɗi, irin su CFAO da SCOA, ta Kano suke fitar da abin da suka saya, don ita ce hanya mafi kusa. Saboda haka buhun da aka ɗinke a Korgom kan bi ta Daura da Kazaure, ya kwana a Kano, ya shiga tarago, ya sauka a bakin ruwa a Ikko. Kakanmu, wato kakan mahaifiyarki, da jakuna ya yi wannan hanya cikin ayari, ya kai gyaɗa ya dawo da goro da yadi.

Baba, wato kakanki, shi bai gaji jakunan ba, domin a zamaninsa manyan motoci sun karɓe hanya. Abin da ya gada shi ne sanin Kano. Da an kai amfanin gona rumbu, sai ya ɗaura ƙunshinsa ya bi 'yan cin rani, su sauka a Fagge, inda baƙin arewa suka saba sauka tun zamanin ayari. Aikinsa dako. Jirgi ba ya iya kwashe abin da ake kawowa a kan kari, sai a jera buhuna a fili, hawa bisa hawa, har su zama dala, kowace da buhu dubbai a cikinta. Hoton dalar gyaɗa kin sha ganinsa a littafi. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne yadda buhun ƙarshe ya kai ƙololuwa. Mutum ne ya ɗora shi a ka, nauyinsa ya kai na ƙato, ya taka buhunan ƙasa ɗaya bayan ɗaya ya hau da shi, ba takalmi, cikin hunturu ko cikin zafin bazara. In taragu sun iso kuma su ne za su sauko da shi su loda. Ciwon wuyan da ya hana Baba juya kai a tsufansa, wanda kika tarar da shi da shi kina ƙarama, can ya samo shi. Gonar nan ta gabas da muke ci har yau, da kuɗin dakon ya saye ta. Adakar ƙarfen da Inna ke ajiye zannuwanta ma daga Kano ya ɗauko ta. Ina so ki san wannan, don kada wata rana ki ji ana ba da labarin dalar gyaɗa da sunayen attajirai da kamfanoni kawai, ki ɗauka ba naku a ciki.

Kada kuma ki manta da rabon mata a wannan aiki, don shi aka fi mantawa. Gyaɗa ba ta shiga buhu da ɓawonta. Inna da sa'o'inta su ne suka tsinke, suka ɓare, suka sheƙe, suka tsince. Abin da ya rage suka soya, suka matse mai, suka yi ƙuli-ƙuli suka sayar. Ba tarago ɗaya da zai cika in babu hannuwansu.

A shekarun 1950 Faransawa suka ga bai kamata arzikin ƙasar da suke mulki ya dogara da dogon Ingilishi ba. Suka shirya abin da suka kira Opération Hirondelle: motoci su kwashi gyaɗa su kai Paraku a Dahome, inda dogon Kwatano ya tsaya tun 1936, su dawo da kayan kanti. Daga Maraɗi tafiyar ta kusan kilomita 1,000 ce, alhali Kano ba ta kai 300 ba, don haka gyaɗar gabas ba ta bar tsohuwar hanyarta gaba ɗaya ba. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta OCDN tsakanin Dahome da Nijar, wadda ta koma OCBN da Dahome ta sake suna ta zama Benin. Ki lura da wannan, ƙasarmu ta yi shekaru tana da hannu a kamfanin jirgin ƙasa alhali babu ko taku ɗaya na dogo a cikinta. A 1962 gwamnati ta kafa SONARA ta riƙe cinikin gyaɗa. Sai farin 1973 da 1974 ya zo, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, manoma suka koma ga gero da wake, hankalin gwamnati kuma ya riga ya koma kan yuraniyom na Arlit. Dalolin Kano ma a waɗannan shekaru suka ƙare. Wannan zango kada ki karɓe shi daga bakina, Inna ta fi ni saninsa, ita ta ciyar da mu a cikinsa.

Na zamaninku kuwa kina jin sa a rediyo. A 2014 kamfanin Bolloré ya fara shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140, aka gina tasha, amma shari'a a Benin ta tsayar da haɗa shi da Paraku, bai zama hanyar da mutane ke bi ba. A watan Fabrairun 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, kimanin kilomita 284, a hannun kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal. Zai bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya. Ki sake karanta sunayen nan: rabin farko hanyar jakunan kakanmu ce. Akwai kuma abin da zai yi miki amfani a darasin ƙasa. Faɗin tsohon dogon Kano milimita 1,067 ne, na Benin da na Doso 1,000, sabon na Maraɗi 1,435. Taragon wannan ba ya hawa wancan. Kowane mai mulki ya shimfiɗa nasa yana kallon tekunsa, ba wanda ya yi tunanin haɗa maƙwabta da juna. Ni dai ina fatan a gama na Maraɗi, ina kuma fatan in ya zo ya tarar da mu da abin da za mu loda masa wanda ya wuce ɗanyen amfanin gona.

To, ga yadda nake so ki yi da jerin mushenku. Ki raba shafi gida uku. A na farko ki rubuta kalmar Faransanci, a na biyu yadda ake faɗinta a gidanmu, a na uku jimlarki. Sharaɗina ɗaya ne: jimlar ta zama gaskiya, kuma ta zama tamu. Kada ki kwafo ta ƙamus mai cewa jirgi ya tashi ƙarfe takwas daga wani birnin da ba ki sani ba. Ki rubuta cewa kakanki ya loda buhuna a wagon a Kano, cewa marchandise ɗin da ya fita daga Korgom gyaɗa ce, cewa gare ɗin Yamai tana nan ba fasinja. Kalmar da kika ɗaura wa kakanki ba za ta gudu da safe ba. Ki ɗauki kaɗan kaɗan, ki faɗe su da ƙarfi kunnenki ya ji, ki waiwaye su gobe, ki sake waiwayarsu bayan mako. Haka za ki yi da na Ingilishi ma. Ranar jarrabawar Bak, in aka ce ki yi rubutu a kan sufuri ko tattalin arzikin ƙasa, za ki tarar kina da abin faɗi wanda ba a littafin kowa yake ba.

Gida na biyun nan ba za ki iya cika shi ke kaɗai ba. In kin zo hutu ki zauna da Inna bayan la'asar, lokacin da ta fi sakewa. Kada ki ce mata ta ba ki tarihi, za ta ce ba ta san komai ba. Ki tambaye ta ƙananan abubuwa: da me ake awo, wa ke riƙe sikeli, nawa ake sayen tiya, me Baba ke kawo mata in ya dawo, yaya ake samun labarinsa in ya yi wata da watanni, wace shekara aka daina ganin masu saye. Ki nemi izininta ki ɗauki muryarta a waya, ki kuma rubuta yadda ta faɗa, kada ki gyara mata Hausa. Shekarunta sun ja, kuma a sa'o'inta da suka ga wannan zamani kaɗan suka rage a garin nan.

Na ba direban da zai kawo miki wannan takarda ƙullin ƙuli-ƙuli da jika biyu, ki sayi sabon littafin rubutu don wannan aiki kaɗai. Ki gaida mai gidan da uwargidansa, ki yi musu godiya a madadina. Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. In kin rubuta jimlolin farko ki turo mini in gani kafin ki kai wa mushe.

Allah Ya yi miki albarka, Ya ba da sa'a.

Kawunki