Hanyar Tabelot Da Motar Da Ba Mu Ƙera Ba

Mu 'yan albasa na Ankara ta Gana mun san lokacin da idonmu ke komawa Agadas. Idan damina ta ja baya, albasar Galmi da ta Madawa ta ƙare a rumbu, sai ta lambunan Abzin ta shigo kasuwa, kuma a lokacin ne buhu ke da daraja. A kakar 2019, muna Agbogbloshie ke nan kafin a tashe mu zuwa Adjen Kotoku a 2021, na kama hanyar arewa. Amma ba albasa kaɗai ta kai ni ba. Ƙanwata ce ta kira ni tana kuka, wai ɗanta zai zuba gadon ubansa, har da tumunin takabarta, a cikin wata mota mai inji biyu. Ta ce, "Yaya, ka zo ka yi masa magana, ni dai ya fi ƙarfina."

Daga Tawa zuwa Agadas kusan kilomita 400 ne, a kan hanyar da aka shimfiɗa saboda yuraniyom ɗin Arlit. Kwaltar ta mutu a wurare da yawa, har direba ya gwammace ya sauka ya bi gefe. Da an wuce Abalak itatuwa sai su dinga gajarta, sararin sama ya dinga faɗi. Da la'asar muka hango hasumiyar babban masallaci, ta laka, mita 27, da sandunan itace sun fito a jikinta. Masallacin tun ƙarni na 16 yake, kuma a 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. Duk zuwan da na yi, sai na ji gabana ya kwanta idan na gan ta.

Yaron yana tasi a cikin gari da wata tsohuwar Golf. Bayan sallar isha'i ya zauna ya buɗe mini lissafinsa. Ya ce kat-kat ta fi ƙarfin aljihunsa, amma ya sami wata Golf da ta yi hatsari, injinta da giyarta lafiya lau. Tunda Golf da tayoyin gaba take ja, sai a ɗora injin waccan a baya ya ja tayoyin baya, shi ke nan an sami mai jan ƙafa huɗu a kan araha, ya riƙa ɗauko albasa daga lambu. Ya nuna mini a waya cewa kamfanin Volkswagen da kansa ya yi irinta don tseren hawan dutse a Amurka a 1987. Ban musa masa ba. Na ce, "Gobe mu je wurin mai sana'ar."

Makaniken da muka je wa tsoho ne, gemu fari, hannu baƙi. Ya saurari yaron har ya gama, sannan ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ɗanka bai yi hauka ba. Na taɓa ganin irinta ina yaron gareji, a hannun wasu Turawa." Citroën 2CV Sahara yake nufi. Faransawa sun fara sayar da ita a 1960 saboda masu aiki a hamada. Inji ɗaya gaba, ɗaya baya, kowanne ɗan ƙarami mai cc 425, kowanne da giyarsa da makullinsa. Tankunan mai biyu a ƙarƙashin kujerun gaba, tayar safiya a kan murfin inji. Sandar giya ɗaya ce ke canza duka biyun, kuma idan inji ɗaya ya mutu ɗayan zai kai ka gida. A hamada wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai kuɗinta ya kai kusan ninki biyu na 2CV ta kowa da kowa, kuma duk waɗanda aka ƙera ba su cika 700 ba.

Tsohon ya ɗauki tsinke ya fara zane a ƙasa. Ya ce sayen inji shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Sai an yanke bayan motar an yi walda, an gina sabon mazaunin da zai ɗauki nauyin inji da girgizarsa. Sai an haɗa giya biyu a sanda ɗaya, kuloci biyu a ƙafa ɗaya, totur biyu a ƙafa ɗaya, kuma su riƙa amsawa tare. In ɗaya ya shiga giya ta biyu ɗayan ya faɗa ta uku, wani abu zai karye. Injin baya ba ya samun iskar gaba, saboda haka sai an nema masa lagireto da fanka da hanyar iska, a garin da zafi ke wuce digiri 40. Ita Citroën ta tsira daga wannan ne don injinta da iska yake hucewa, ba da ruwa ba. Ga birki da za a ƙara wa ƙarfi, ga juyen baƙin mai sau biyu, ga filogi sau biyu. Ga kuma takardu: lambar inji ɗaya ce a katin mota, me za ka ce wa jandarma a shinge?

Yaron ya ce, "Baba, duka nawa zai ci?" Tsohon ya ce, "Farkonsa zan iya faɗa maka, ƙarshensa Allah kaɗai ya sani. Irin wannan aiki ba ya ƙarewa, kuɗin mai shi ne ke ƙarewa. Taura biyu ba ta taunuwa, ɗana."

Na ga fuskar yaron, bai gamsu ba. Gani ya kori ji, sai na ce ya raka ni Tabelot.

Da asuba muka shiga wata Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, direban Buzu ne ya naɗe fuska da rawani. Tafiyar ta haura kilomita 100, babu kwalta. Baƙaƙen duwatsu kamar an ƙona su, sai ƙorama mai yashi, sai duwatsu kuma. A bakin ƙorama ta farko direban ya sauka ya murɗa makullan da ke tsakiyar tayoyin gaba, ya dawo ya ja ƙaramar sandar giya. Yaron ya zuba ido. Inji ɗaya ne, amma akwai akwati a bayan giya da ke raba ƙarfinsa, farfela ɗaya ta tafi baya, ɗaya ta tafi gaba.

Na tambayi direban ko yana jin daɗin motar. Ya ce, "Alhaji, daɗi da tsada. Wannan ƙarfen na ƙasa kullum ina ɗauke da shi, ina ba shi mai, ko ina amfani da shi ko ba na yi. Kayan gyaranta sun fi na ƙaramar mota kuɗi. In na hau kwalta na manta ban cire ba, a kwana sai ta riƙa cijewa, don tayoyin gaba da na baya ba tafiya ɗaya suke yi ba, taya ta cinye, giya ta wahala."

Wajen azahar muka faɗa wata ƙorama da ruwa ya bi kwana biyu da suka wuce. Sama a bushe, ƙasa a jiƙe. Motar ta yi gurnani ta nutse har gindi, duk da ƙafa huɗun. Muka sauka, aka rage iskar tayoyi don su baje, aka tona da shebur, aka shimfiɗa farantan ƙarfe, muka tura har kafaɗata ta yi tsami. Direban yana dariya ya ce kat-kat ba ta hana kafewa, sai dai ta kai ka inda mai taimako ke da nisa. Da muka fito na ga yaron ya durƙusa yana auna tazarar cikin motar da ƙasa da hannunsa. Ya auna, ya yi shiru. Golf ko inji huɗu aka sa mata, a kan cikinta za ta kwanta a wurin nan, tayoyi suna juyawa a banza.

Tabelot tana gindin dutsen Bagzan, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, babu mafi tsayi a Nijar. Bayan baƙin dutse na yini guda, sai ga kore shar: dabino, fagagen albasa, rijiyoyi, nan injin famfo yana tari, can raƙumi yana jan guga. Buhuna jere a bakin lambu, tsofaffin manyan motoci ana yi musu lodi har sama. Na ce wa yaron, "To, a taka motar, bayan inji ya cinye but da kujerar baya, ina za ka sa buhun?" Ya daɗe yana kallon lodin, sannan ya fashe da dariya ya ce, "Kawu, sai dai a cinyata."

Da dare muna shan shayi a kan tabarma, sanyin dutse yana saukowa, ya tambaye ni me zai yi da kuɗin. Na ce na farko a mayar wa uwarsa tumuninta a hannunta, ba nasa ba ne. Sauran ya sayi albasa ya biya kuɗin lodi kamar kowa, ranar da hanya ta ɓaci ya yi hayar kat-kat na yini ɗaya, mai ita ya ji da gyara.

Haka aka yi. Buhunansa na farko a cikin lodina suka sauka Ankara. Golf ɗin tana nan tana tasi da injinta ɗaya, waccan mai hatsarin kuma wani ya saye ta ya sayar da kayanta. Har yau yakan turo mini hoton mota mai inji biyu a WhatsApp. Ni kuma na kan tuna masa cewa ta Volkswagen ɗin nan ta 1987, gab da ƙarshen tseren ta lalace.