Gyaran Garka a Gulbin Maradi

Mai tafiya daga Maradi zuwa Madarunfa cikin watan Oktoba, in ya gangara gulbi ta wajen Sumarana ko Jiratawa, zai iske aiki iri biyu a lokaci guda. A tudu ana ɗaure dammunan hatsi ana kai wa rumbu. A gangare kuwa, cikin fadama da bayan gidaje, ana tada garake waɗanda damina ta kwantar.

Gulbin nan daga ƙasar Katsina yake fitowa. Ya bi ta Jibiya, ya shigo Nijar, ya ratsa Maradi da Tibiri, ya wuce Gidan Rumji, sannan ya koma Najeriya. Ruwansa na ƴan watanni ne, amma in ya zo da ƙarfi ba ya sallama. A 1945 shi ya ci tsohon garin Maradi, har aka maida gari bisa tudu. In ya janye, yakan bar laka mai ƙarfi, ya bar ruwa kusa cikin ƙasa. Da wannan ake yin garka.

Sai dai garkar da ta ga damina ba ta da kyan gani. Darni ya faɗi, gara ta ci gindinsa. Ciyawa ta rufe fangali. Rijiya ta cika da yashi da ganye.

Darni ake fara gyarawa, tun kafin a taɓa ƙasa. Jar akuyar Maradi ta yi suna wajen fata da yawan haihuwa, amma mai garka da wata sana'a ya san ta: cikin rabin sa'a tana share aikin wata guda. Karan dawa kuma ya zama abin saye, tun da masu kiwo suna tara shi domin rani. Shi ya sa masu dabara suke dasa aguwa ko lalle a gefen darni. Shekara biyu ko uku, shinge ya tsaya da kansa, ga kuma ganyen lalle na sayarwa. Sara itace ɗanye domin ƙaya ba hanya ba ce. Ma'aikatan gandun daji suna cin tara a kansa, kuma gaskiya suke da ita.

Bayan darni sai yasar rijiya. Rijiyar da ba a ɗaure da siminti ba, bakinta yana zubewa bayan damina, kuma bai kamata mutum ya shiga shi kaɗai ba, babu kowa a sama. Masu hali sun koma ga injin ban ruwa. Amma garkar bayan gida, wadda galibi mata ke riƙe da ita, har yanzu guga da bokiti take sha, safe da marece. Don haka mai hankali ba ya yin fangali fiye da ƙarfin hannunsa. Goma da suka ƙoshi da ruwa sun fi talatin masu ƙishi.

Wurin taki ne ake yawan yin kuskure. Ana kwaso kashin dabbobi ɗanye daga turke a zuba, sai ya ƙone saiwa, ya jawo gara, ya kawo irin ciyawa. Takin da ya ruɓe cikin rami, ya yi baƙi, ya daina wari, shi ne na garka. Kuskure na biyu shi ne maida tumatir inda aka cire tumatir. Tumatir da yalo da tattasai dangi ne, cutarsu ɗaya. Akwai wata ƙaramar tsutsa da ido ba ya gani, tana zama cikin ƙasa, ta sa saiwa ta yi ƙulle-ƙulle, shuka ta yi yaushi ko an ba ta ruwa. Malaman gona suna cewa a sauya wuri: inda tumatir ya zauna bara, bana albasa ta zauna. Tsofaffin tushen kuma a tumɓuke a ƙone.

Zogala ba a cire ta. Sassabe ta ake yi, a zuba mata taki, ta sake toho. Ita ce ke riƙe da miya da kwaɗo kafin sauran su nuna.

Noman rani ya daɗe a gulbin nan, amma bayan farin 1984 ne gwamnatin Seyni Kunce ta maida shi aikin ƙasa baki ɗaya. Tun lokacin aka san abin da yake tsare wa gida: kuɗin cefane daga garka suke fitowa, ba a buɗe rumbu da wuri, samari kuma ba su tafi cin rani duka ba.

Sauran magana ta lokaci ce. Salati da shu da tumatir suna yin mako uku zuwa huɗu a wurin reno kafin dashe, albasa kuwa sai ta kai wajen wata ɗaya da rabi. Karoti ba a dasa shi, a fangali ake shuka shi. Duka sanyi suke so. Wanda ya zuba iri a Oktoba yana kai salati kasuwar Maradi a Disamba, tun yana da daraja. Wanda ya tsaya sai ya gama sussuka da bukukuwan kaka, kayansa za su fito tare da na kowa, kwando ya faɗi ƙasa warwas, tumatir ɗinsa kuma ya yi fure cikin zafin Maris, furen ya kakkaɓe.