TSIBIRAN TUMAKI

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wata ƙasa da Allah ya kai ni a ƙarshen watan Yuli, watau Tsibiran Faro.

Tsibiran 18 ne, suna cikin teku kamar mil 200 arewa da Sikotlan, tsakanin Aisilan da Norwe. Suna ƙarƙashin sarautar Danmak, amma tun 1948 su ke riƙe da mulkin cikin gidansu. Mutanen duka ba su kai dubu 60 ba, tumakinsu sun fi su yawa, an ce ma ma'anar sunan ke nan, tsibiran tumaki. Sai ka wuni kana tafiya ba ka ga itace ba, sai duwatsu kore shar da hazo da yayyafi. Har rufin tsofaffin gidaje ɗanyar ciyawa ce ke tsiro a kai. Naman tunkiya kuwa ba sa masa gishiri, a rumfar katako su ke rataye shi iska ta busar da shi wata da watanni. An miƙo mini, na sunsuna, na yi godiya, na ci kifi.

A tsibirin Mykines na ga wani tsuntsun teku mai baƙin baya da farin ƙirji da baki mai ja, kamar na aku. Rami ya ke haƙawa a bakin dutse, macen ta sa ƙwai ɗaya tak.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne sha'anin harshensu. Kusan shekara 300 harshen Danmak ne na coci da makaranta da ɗakin shari'a, nasu kuwa ba shi da ko ƙa'idar rubutu. Abin da ya riƙe shi waƙoƙin kakanni ne. Ran 29 ga Yuli, daren babban bikinsu, na gan su a Torshavn, babban garin. Ba ganga, ba algaita. Sai jama'a su kama hannun juna, tsoho da yaro, su yi taki biyu hagu, ɗaya dama. Mutum guda na ba da waƙa, saura na amshi, wata waƙar baiti ɗari da ɗoriya, duk da ka. Da haka yaro ke shan harshen da tarihin ƙasarsa tun bai san baƙi ba. A 1846 wani ɗan ƙasar, Hammershaimb, ya tsara musu rubutu. A 1938 aka yarda harshen ya zauna daidai da na Danmak a makarantu. Yau da shi su ke yin doka, da shi a ke buga jarida, har jami'a gare su.

Na tsaya ina kallo, kunya ta kama ni. Mu da mu ke miliyoyi, da ajaminmu tun Turawa ba su zo ba, har yanzu akwai akawun da ke ganin ƙasƙanci ne ya rubuta wa ɗan'uwansa takarda da Hausa.

Sauran magana ɗaya, ga malamai na ke miƙa ta. A kwanakin nan rana ba ta faɗuwa can sai bayan ƙarfe 10 na dare, ta kuma fito kafin ƙarfe 5. Na zauna ina jiran shafaƙi ya ɓace in yi Lisha, bai ɓace ba har gabas ta yi haske. Sai na ƙaddara lokaci na yi salla. Ina roƙon wanda ya san hukuncin ya amsa ta wannan fili, don masu zuwa baya.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta.