Kuɗin Fom ɗin JAMB

Mu Hausawan Zonkwa, yaro na gama sakandare sai a ce ya zo shago ko ya hau acaɓa. Ni ma da kasuwa na ci na sha, ban raina sana'a ba. Abin da ke damuna shi ne, yawancinsu ba su taɓa jin wani babba ya ce musu "kai ma za ka iya" ba. Maƙwabtanmu Bajju kuwa, uwa kan sayar da cittarta ta biya wa 'yarta jarrabawa.

Kuma karatun nan ba a Legas yake ba, jama'a. Jami'ar Jihar Kaduna na da reshe a Kafanchan, ga kwalejin jinya da ungozoma a can, ga ta horar da malamai a Gidan Waya. Matanmu na zuwa awo, muna gunagunin babu 'yarmu cikin masu duba su. To wa zai tura ta?

A masallacin da nake ja wa salla mun ware asusu na kuɗin fom, marayu ne a gaba. Mai ɗa ko 'ya a ajin ƙarshe, ya fara nema masa lambar NIN tun yanzu, don JAMB ba ta rajista sai da ita.