Zuwa ga Abba, kan maganar da ba mu saba yi ba



Ina fatan kun sauka lafiya, kai da iyalinka da ɗan jikana. Na zaɓi in rubuto maka ne saboda na san mu. Da zan zaunar da kai in yi maka wannan magana, kai za ka sunkuyar da kai, ni kuma in shiga kewaye-kewaye, mu tashi ba a faɗi komai ba. Maganar jini ce, jinin da mutum kan gani idan ya zaga bayan gida. Ka daure ka karanta har ƙarshe.

Tun kana ƙarami kai ba mai raki ba ne. Ka taɓa taka ƙusa ka ɓoye, sai da ƙafar ta kumbura mahaifiyarka ta gane a tafiyarka. A lokacin alfahari na yi, har ina faɗa wa mutane cewa yaron nan namiji ne. Zurfin cikin nan a wurina ka gado shi, ni kuma na ƙara maka shi da yabo. Haƙurinka da kunyarka suna cikin abubuwan da na fi so a halinka, ba kuma na so ka rabu da su. Sai dai akwai wuri ɗaya da suke cutar da mai su, shi ne wurin ciwo, musamman ciwon da ya fito ta inda ake jin nauyin faɗa.

Kana makaranta lokacin da baffanka ya rasu, abin da muka ce muku kuwa shi ne ciwon ciki. Ga yadda abin ya kasance. Ya daɗe yana ganin jini, kuma ni kaɗai ya gaya wa. Na ce masa basir ne, wane ne ba shi da shi? Ni da kaina na riƙa sayo masa magani wurin masu tallar nan da ke ɗaura lasifika a kan mota ranar kasuwa. Jinin yakan ɗauke ya dawo, duk sanda ya ɗauke sai mu ce magani ya yi aiki. Ya fara ramewa, yau gudawa gobe taurin bayan gida, muka ce basir ɗin ne ya yi ƙarfi. Ranar da aka kai shi asibitin koyarwa, likitoci suka tarar ciwon daji ne a babban hanji, har ya kai ga hanta. Bai cika hamsin ba. Na yi imani kwanansa ne ya ƙare, Allah ya jiƙansa. Amma ni ne babba, ni ya amince wa da sirrinsa, kuma ni na sa wa ciwonsa suna ba tare da sani ba. Abin da na koya a bakin likitoci tun daga lokacin, shi nake so in bar maka.

Da farko kada ka firgita. Yawancin masu ganin jini a bayan gida ba daji ke damun su ba. Abin da ya fi yawa basir ne na gaskiya, wato jijiyoyin jini na bakin dubura ne ke kumbura saboda yawan yunƙuri, ko daɗewa a tsugune, ko taurin bayan gida, ko juna biyu ga mata. Jininsa ja ne wur, yakan ɗiga bayan an gama, ko a gan shi a hannu wajen tsarki, kuma sau da yawa ba ya zafi. Sai tsagewar fatar dubura, wadda bayan gida mai tauri ke haddasawa. Ita jininta kaɗan ne, amma raɗaɗinta mai tsanani ne lokacin fita, yakan kuma daɗe bayan an tashi. Waɗannan biyun suna jin magani, galibi ma da gyaran abinci da shan ruwa suke lafawa.

Akwai kuma atini, inda gudawa ke zuwa da jini da majina da murɗawar ciki, wani lokaci har da zazzaɓi. Ƙwayoyin cuta ne da ake ɗauka a gurɓataccen ruwa ko abinci, kuma iri-iri ne, maganin wannan ba ya kashe wancan. Shi ya sa ake gwada bayan gida kafin a ba da magani, shi ya sa kuma shiga kemis a haɗa wa mutum kafso barkatai ba dabara ba ce. Taifot idan ya yi nisa yana iya sa hanji zubar da jini, har ya huda shi. Tsargiya da muka sani da fitsarin jini tana da wani nau'i da ke zama a jijiyoyin hanji, mai shiga kududdufi ko aikin fadama yana iya ganin jininta a bayan gida. Akwai kuma wata cuta da hanji ke yin gyambo da kumburi da kansa, takan kama matasa, ta lafa ta taso shekara da shekaru, ita ma tana da magani idan an gano ta.

Wani jinin kuma ba ja yake fitowa ba. Idan bayan gida ya fito baƙi ƙirin, mai danƙo kamar kwalta, da wari fiye da yadda aka saba, to jini ne da ya zubo daga sama, daga tumbi ko farkon hanji, ya narke a hanya. Gyambon ciki ne ya fi kawo shi, wanda ake kira olsa. Ka yi hattara da magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da aspirin. Na ga yadda kake haɗiyarsu idan ka gaji da aiki, su kuwa suna cin bangon ciki idan aka mayar da su abin kullum. Ciwon hanta da ya daɗe, irin wanda ƙwayar cutar hanta nau'in B ke kawowa, shi ma yana kumbura jijiyoyin maƙoshi har su fashe, mutum ya yi aman jini da baƙin bayan gida. Maganin ƙarin jini da ake ba masu juna biyu yana baƙanta bayan gida ba tare da wata illa ba, amma wanda ba ya shan sa ya ga baƙi, ya san ba lafiya ba.

Sai wanda ya ɗauke mana baffanka. Dajin babban hanji yakan fara ne da ɗan tsiro a jikin bangon hanji. Tsiron yana iya shafe shekaru ba ya ciwo, sai dai ya ɗan zubar da jini jefi-jefi, kafin wani daga cikinsu ya rikiɗe ya zama daji. Idan aka gan shi a wannan tsakanin aka cire, an kashe maganar. Ko ya riga ya zama daji, idan bai bazu ba, aikin tiyata yana warkar da mutane da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne na uku a yawa cikin cututtukan daji, kuma na biyu a kisa. A shekarar 2020 kaɗai mutum sama da miliyan 1.9 aka samu da shi. Da can ana ɗaukarsa ciwon tsofaffi. Amma jarumin fim ɗin nan na Amurka da ku matasa kuka sani, Chadwick Boseman, wannan ciwon ne ya kashe shi a 2020 yana da shekara 43. A 2021 ma Amurkawa sun sauko da shekarun da ake fara binciken hanjin masu lafiya daga 50 zuwa 45.

Ga abin da nake so ka riƙe fiye da komai a takardar nan. Jinin basir da jinin daji, idan dajin yana kusa da dubura, ido ba ya raba su. Kuma mutum ɗaya yana iya samun duka biyun. Mai basir na gaskiya ma bai tsira daga bincike ba don kawai ya san yana da basir. Saboda haka kada ka sa wa jininka suna, kada ka bari aboki ko mai kemis ko ni mahaifinka mu sa masa. Wanda ya duba shi ke da ikon faɗa.

Akwai halin da ba a jira gari ya waye. Idan jinin ya yi yawa ko ya ƙi tsayawa, ko yana fita da gudaji. Idan ka ji jiri da ka miƙe, ko zuciya na bugawa da sauri, ko gumi mai sanyi, ko ka suma. Idan bayan gida ya yi baƙin nan da na faɗa, ko aka yi aman jini. Idan akwai ciwon ciki mai tsanani ko zazzaɓi mai zafi tare da jinin, to sashen gaggawa na asibiti za a nufa a wannan sa'ar, kuma wani ya tuƙa ka. Ka sa ido kan ɗan jikana ma. Jariri da ke tsandara kuka yana naɗe ƙafafu zuwa ciki, ya yi shiru ya sake, ga amai, sannan ya yi kashi mai jini da majina, yana iya yiwuwa hanjinsa ne ya shige cikin juna. Wannan ba fitar haƙori ba ce, ba kuma ta jiƙo ba ce, a ruga da shi asibiti.

Akwai kuma halin da ba na gudu ba ne, amma ba na ajiyewa ba. Duk jinin da ka gani karo na farko, ko kaɗan ne, ka nemi ganin likita a cikin kwanakin. Balle idan ya ɗauke ya dawo, ko ya cakuɗe da bayan gidan, ko yanayin fitarka ya sauya ya kai mako uku, ko kana gamawa ka ji kamar da saura, ko kana ramewa ba dalili. Haka idan kasala ta yi yawa, kana haki a ɗan hawan bene, cikin idonka ya yi fari: jini na iya tsiyaya a ɓoye har ya ƙarar da mutum bai taɓa ganin ɗigo ba. Ka riƙa dubawa kafin ka kora ruwa. Inda masai ne mai rami, ka lura da hannunka wajen tsarki.

Na san abin da zai tsaya maka a rai shi ne dubawar. Likita zai yi tambayoyi, ya sa safar hannu ya duba da yatsa, abin ba ya ɗaukar lokaci. Zai iya sa a gwada jini da bayan gida. Idan ya ga da buƙata sai ya tura ka a leƙa hanjin da wata siririyar na'ura mai kyamara, kolonoskofi suke ce mata, ana yi a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Malamanmu sun yi bayani cewa larura ta halatta buɗe al'aura ga mai magani, neman magani kuma ba ya rage tawakkali. Likitan nan aikinsa ke nan kullum, ba abin da zai gani a jikinka da bai gani ba. Da kuɗi a ciki, ban ɓoye maka ba, amma bai kama ƙafar abin da muka kashe a jinyar baffanka ba.

Ni ma an yi mini. Bayan rasuwarsa likita ya ce in zo a duba ni, tunda uwa ɗaya uba ɗaya muke, abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awai. Na daɗe ina ja da baya kafin in je. Da aka leƙa an sami tsiro, aka cire shi nan take, gwaji ya nuna bai kai ga zama daji ba amma irin mai rikiɗewa ne. Likitan ya ce in gaya wa 'ya'yana su fara nasu binciken da sun kai shekara 40, ko ba sa jin komai, kuma duk likitan da suka gani su faɗa masa tarihin gidansu. Wannan saƙo haƙƙinku ne, na riƙe shi fiye da yadda ya kamata don nauyin baki. Yau na sauke.

Sauran kuma a hannunka yake. Ka riƙa cin wake da zogale da rama da miyar kuɓewa da gwanda, kada burodi da taliya da tsire su zama abincinka na kullum. Ka sha ruwa sosai, musamman da zafi da lokacin sahur. Kada ka riƙe bayan gida idan ya zo, kada ka shiga da waya ka zauna, kada ka yi ta yunƙuri. Ka riƙa taka ƙasa, zaman ofis ya yi maka yawa. Taba kuwa na gode Allah ba ka sha.

Matarka ma mai kunya ce, kuma ciki da haihuwa suna kawo basir. Ka zama mijin da za a iya gaya wa irin wannan ba tare da fargaba ba, idan ta gaya maka kuma ka kai ta asibiti, kada ka yi mata abin da na yi wa ƙanena. Shi kuma yaron, idan ya girma ya zo maka da kukan ciwo, ka saurare shi kafin ka ce masa namiji ba ya kuka. Hausawa sun ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Alfarma biyu nake nema. Ka karanta wa ƙannenka wannan idan kun haɗu, sun fi sakewa da kai. Sannan duk ranar da ka ga wani abu a jikinka, ka fara zuwa wurin likita, ka kira ni daga baya, ba zan ji haushi ba don ban riga sani ba.

Allah ya yi maka albarka, ya ba ku lafiya mai amfani, ya raya mana yaron nan. Mahaifiyarka tana gaishe ku.

Ni ne,
Mahaifinka.