Uxbal da Iyayen Bagega

Mai karatu, in ka samu fim ɗin Biutiful na 2010, daure ka kalla. Javier Bardem ya fito a matsayin Uxbal, talakan Basalona mai ciwon daji, yana fafutukar tara wa 'ya'yansa biyu abin da za su ci bayan ransa. A shekarar nan gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a Zamfara. Nan Bagega, uba ne ya kawo dutsen zinare aka niƙa a tsakar gida don tukunya ta hau murhu, ƙurar ta tafi da ɗansa. Wallahi na kasa zarginsa. 'Yan fim ɗin Kano, yaushe za ku ba mu labarin wannan uban?